Bari In Riƙe Maka

Tun tana ƙarama Malama ba ta iya ganin abu yana aiki ta ƙyale shi. Agogon bangon gidansu sau biyu tana kwance shi don ta ga abin da ke tura hannuwansa, a karo na biyu kuwa bai sake tashi ba. Da ta girma sai ta zama malamar kimiyya, inda tambaya ba laifi ba ce. To, shekarar da hawan jini ya kwantar da mahaifinta, ita ce ta ajiye alli ta karɓi shagon kujerunsa, don yayyenta biyu kowa ya ce aikinsa ba zai bar shi ba. Ta shigo da littafi da biro a hannu, ma'aikatan suka dubi juna, suka ci gaba da kiranta Malama.

Shagon dogo ne mai rufin kwano. Daga bakin ƙofa Kafinta yake da bencinsa da zartonsa, shi ke haɗa ƙashin kujera. Can ƙurya, inda dusar katako ba ta kaiwa sosai, Tela yake da kekensa, shi ke yanka yadi ya ɗinka wa kujera riga. A tsakiya an jibge soso har kusa da rufi. Mai Fenti kuma a bayan shago yake aiki, saboda wari. Cikin mako guda Malama ta fahimci aikin kowannensu ta rubuta a littafinta, shafi ɗaya ga mutum ɗaya.

Shafi na huɗu ne ya gagare ta. Akwai wani dattijo siriri mai furfura a gefen kai, ya kai shekara ashirin da biyu a shagon, ba shi da benci, ba shi da keke, ba shi da kayan aiki in ban da guntun fensir da ke maƙale a kunnensa. Sunansa na yanka ma an manta da shi, kowa Bari-in-riƙe yake ce masa, don maganarsa ke nan. Kafinta ya ɗora katako zai yanka, sai ka ji daga baya, bari in riƙe maka. Tela ya shimfiɗa yadi, bari in riƙe maka. Haka zai wuni yana zirga-zirga daga ƙofa zuwa ƙurya. Malama ta tambaye shi aikinsa, tana ce masa Kawu saboda girmansa, ya sosa ƙeya ya ce shi dai yana nan ne kawai. Ta rubuta "yana nan" a saman shafin, ta zauna tana kallon kalmomin nan biyu har suka ba ta haushi.

Ga wani abin kuma da ya fi wannan ɗaure mata kai. Kafinta da Tela ba sa magana da juna, shekara goma sha huɗu ke nan. Wata kujerar mutum uku ce ta raba su, rigarta ta ƙi shiga, kowa ya ce awon ɗan'uwansa ne ya ɓaci, aka faɗi maganganun da ba sa maimaituwa. Tun daga ranar, in sun haɗu a wurin famfo sai kowa ya kalli bango. Amma kujerun da ke fita daga shagon nan, riga na zama a jikin katako lif, ba tattara ba matsi. Ta yaya mutum biyu da ko gaisuwa ba sa yi za su riƙa fitar da awo ɗaya? Wannan tambaya ta hana Malama sakat, ga shi kuwa wani sabon otal ya ba su aikin kujeru arba'in, mako uku za a zo ɗauka.

Ta fara lura da cewa duk wanda Bari-in-riƙe ya riƙe wa abu, sai ya ɗan sunkuya ya faɗa masa magana ƙasa-ƙasa kafin ya wuce. Nan take zuciyarta ta ba ta cewa gulma ce. Ta yi shekaru a ɗakin malamai, ta san masu kai-komo, ta san yadda mutum ɗaya yake raba goma yana murmushi. Har ta fara zargin ko shi ne ya riƙe gabar nan shekara goma sha huɗu don kada a gane ba ya tsinana komai. Sai dai Malama ba ta yanke hukunci sai ta gani da idonta. Wata safiya ta ja kujerar roba ta kai bayan tulin soso, ta ce za ta duba ko ɓera yana shiga, ta zauna da littafinta a cinya.

Ba ta daɗe ba ta ji Tela yana ƙoƙarin saka riga a hannun kujera yana tsaki, Bari-in-riƙe yana riƙe da ɗaya gefen.

"Wannan jakin kullum sai ya ƙara min yatsa ɗaya a hannun kujera," in ji Tela. "Dubi kusurwar nan, ba mai fitar da ita kamarsa a garin nan. Allah ya ba shi hannu, ya hana shi kunne."

Malama ta rubuta da sauri, ta ce a ranta yau za a yi ta. Ta bi dattijon da kunne har ya isa bencin Kafinta, ta ji ya ce bari in riƙe maka, zarto ya yi ta ƙara, sannan ya tsaya.

"Tela yana can yana shafa kusurwar nan taka," Bari-in-riƙe ya ce. "Ya ce ba mai fitar da ita kamarka a garin nan. Ni dai na ga kamar yadin yana ɗan matsewa a hannun, da za a rage yatsa ɗaya da ya zauna daram."

Ina jakin? Malama ta duba littafinta, ta sake kasa kunne, jaki dai bai iso ba. Kafinta ya yi gyaran murya irin ta mutumin da ba ya so a ga ya ji daɗi, ya ɗauko tef ɗin awo ya rage yatsa ɗayan. Yana ragewa yana gunaguni cewa tsohon banzan nan baki gare shi kamar almakashinsa, amma dai ɗinkinsa ba ya warwarewa, ko yara goma za su yi tsalle a kai. Kafin a sha shayin ƙarfe goma, maganar ɗinkin da ba ya warwarewa ta isa ƙurya, tsohon banza kuwa ya ɓace a hanya, wajen tulin soso.

Kwana huɗu Malama tana duba ɓera. Ta raba shafin gida biyu, a dama abin da aka faɗa, a hagu abin da ya isa. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ko sau ɗaya ba ta kama shi da ƙarya ba. Bai taɓa ƙara kalma a bakin kowa ba, ragewa kawai yake yi, gyaran da ake bukata kuma sai ya ɗauke shi ya ce shi ya gani. Don ta tabbatar, ta yi gwaji irin nata. Ta tsaya kusa da shi kamar ba da gangan ba, ta ce Mai Fenti ƙazami ne, kullum sai ya bar gwangwani a buɗe fenti ya bushe, alhali in ya shafa katako kamar ka ga fuskarka a ciki. Washegari Mai Fenti ya gaishe ta baki har kunne, gwangwanayensa duk a rufe, an jera su a jikin bango. Daɗi ya kama Malama kamar ranar da ta fara ganin cikin agogo.

Da ta tsaya nan da ba a ji kansu ba. Amma malama ce, kuma malami in ya gano abu, bai iya barinsa a ciki. Ta ga mutumin kirki yana ɗauke da shago a kansa ba wanda ya sani, ta ce wallahi sai an sani. Ranar Litinin, ana zaune ana shan shayi, Kafinta a kan bencinsa, Tela a can nesa da kofinsa, ta tsaya a tsakiya ta buɗe littafi ta ce tana da abin da za ta nuna musu game da Kawu. Dattijon ya ɗago kai, ya girgiza mata shi kaɗan. Ta ɗauka kunya ce.

Ta karanta musu duka, dama da hagu, har da rana da lokaci, kamar mai bayani a gaban allo. Ta karanta jaki, ta karanta tsohon banza, ta karanta ƙazami da ta faɗa da bakinta, da wasu da suka fi waɗannan nauyi. Tana jira su yi dariya su tafa wa Kawu. Da ta ɗago ido sai ta ga ba mai kallonta ma.

Kafinta ya ajiye kofinsa a hankali ya ce ashe shi jaki ne bai sani ba. Tela ya ce shi kuma ashe tsohon banza ne, an gode. Mai Fenti ya tashi ya koma bayan shago bai ƙarasa shayinsa ba. Abin haushi, maimakon su juya kan juna, sai suka juya kan dattijon. Kafinta ya dube shi ya ce, "Shekara goma sha huɗu kana wasa da hankalina kamar yaro. Kada ka sake taɓa min katako." Tela kuwa, da Bari-in-riƙe ya miƙa hannu zai kama bakin yadi da rana, sai ya janye yadin ya danne shi da dutsen guga.

Kafinta ya samo igiya ya riƙa ɗaure bakin katako a jikin benci. Kujera shida aka haɗa a kwana biyu, huɗu rigarsu ta ƙi shiga, ba kuma wanda zai je ya faɗa wa wani. Bari-in-riƙe ya share shagon sau uku a wuni ɗaya, sannan ya zauna a kan buhun dusa, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi, bai san inda zai sa su ba. Ranar Laraba ya zo wurin Malama ya tsaya da hularsa a hannu, ya ce in ba damuwa zai ƙarasa makon nan ya tafi. Ƙaninsa yana da wurin wankin mota, yana neman wanda zai riƙa zama a bakin ƙofa. Ta fara ba shi haƙuri, ya tare ta da cewa ba ta yi masa komai ba.

"Dama ni ba sana'a gare ni ba, Malama. Riƙo ne kawai, ga shi igiya ma tana yi."

Maganar nan ta soki Malama, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Da yamma ta wuce gida wurin mahaifinta, ta same shi a kishingiɗe, ƙafarsa mara lafiya a kan matashi. Ta kwashe labari duka ta faɗa masa. Tsohon ya yi dariya da rabin bakin da ke motsi, ya ce ta sake kwance agogo ke nan. Ya ce shi ya san abin nan tun tana makarantar sakandare, shi ma an sha kawo masa rabin magana yana karɓa yana godiya, don ya san ɗaya rabin ba zai ƙare shi da komai ba. Kuma su Kafinta ma, in ji shi, ba wawaye ba ne, kowa ya san halin bakin ɗan'uwansa, karantawa a gaban jama'a ce ta ƙona su.

Malama ta tambaye shi ko ya taɓa faɗa wa Kawu amfanin da yake yi. Tsohon ya ce ai ya sani.

"Wa ya faɗa masa, Baba?"

Mahaifinta ya kawar da kai ya koma kallon rufi. Nan Malama ta ga abin da bai shiga littafinta ba. Kowa a shagon nan akwai mai kawo masa yabonsa har inda yake tsaye, in ban da mutum ɗaya, don shi ne mai kawowar.

Ranar Alhamis ta bar littafin a gida. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta je bencin Kafinta, ta kwance igiyar da kanta ta ce bari ta riƙe masa. Ya harare ta, amma 'yar maigida ce, bai iya korarta ba. Kai, ashe riƙon katako aiki ne! Zarto yana ja katakon yana fizgar hannu, in ka danne da yawa ya matse zarton, in ka sassauta ya yi rawa. Kafin awa guda kafaɗunta sun ɗau zafi, dusa ta cika mata hanci. Sau uku tambaya tana zuwa mata har bakin leɓe tana haɗiye ta. Wannan ne ya fi katakon wahala.

Can wajen katako na tara Kafinta ya duba layin da ya yanka ya yi tsaki. Ya ce ba haka ake riƙewa ba. Ya ce munafukin dattijon nan, Allah ya isa tsakaninsu, amma hannunsa yana sanin inda zarto zai bi tun kafin shi mai zarton ya sani, shekara ashirin bai taɓa yanka ya karkace ba in shi ke riƙe, yanzu ga shi kamar ɗan koyo. Malama ta gyara riƙonta, ta adana maganar a ranta.

Washegari ta koma ƙurya ta riƙe wa Tela yadi. Shi Tela sai da aka kusa tashi ya buɗe baki. Ya ce dattijon nan ya mayar da shi abin dariya, ba zai manta ba. Ya yi ɗinki kaɗan, ya tsayar da keken, ya ce shekarar da matarsa ta rasu, wata uku yana yanka yadi ba daidai ba, ba wanda ya gane, don kafin almakashi ya kai ga kuskure sai ya ji an ɗan ja yadin an gyara masa, ba a ce masa komai ba. Ya ce in ba don mutumin nan ba da tuni ya bar sana'ar. Sannan ya taka keken da ƙarfi kamar keken ne ya yi masa laifi.

Ranar Asabar da la'asar Bari-in-riƙe ya haɗa kayansa. Kayan shekara ashirin da biyu a leda ɗaya suka shiga, kofin shayi, tsohon takalmi, da rigar aiki. Ya je bayan shago ya yi wa Mai Fenti sallama, ya zo zai wuce ta gefen tulin soso, Malama ta tare shi a nan, daidai inda ta yi ta duba ɓera. Ta ce ya kawo ledar ta riƙe masa, tana da saƙo. Ta matso ta rage murya kamar yadda ta ga yana yi, ta faɗa masa abin da Kafinta ya ce game da hannunsa da zarto, ta faɗa masa abin da Tela ya ce game da wata ukun nan. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Dattijon ya tsaya yana kallonta, sai murmushi ya ɗan kubce masa, don ya gane hannun aikinsa.

"Da me suka fara?" ya tambaya.

"Wannan ya yi min nauyi, Kawu. A can na baro shi."

Ya yi 'yar dariya. Ya cire fensirin kunnensa ya juya shi a hannu, ya mayar. Ya ce shi bai san Tela ya lura ba, a lokacin ko ɗago kai ba ya yi. Ya sake tambaya, a hankali, ko da gaske sun faɗa, ko dai tausayinsa take ji. Malama ta ce da kunnenta ta ji, kuma ya san ita ba ta iya ƙarya ba, da ta iya ai da ba a zo nan ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya juya yana duba soson kamar shi ma ɓeran yake nema. Bai taɓa sanin haka abin yake a kunnen wanda aka kawo wa ba, ya ce, ashe da nauyi.

Suna nan tsaye, ita da leda a hannu, shi bai ce zai zauna ba bai kuma karɓi ledar ba, sai suka ji Kafinta daga bakin ƙofa. Ya ɗora dogon katako a benci, igiyar tana yashe a ƙasa, yana magana da bango da ƙarfi yadda har ƙurya za a ji, wai shagon nan mutum zai mutu bai sami wanda zai kama masa bakin katako ba. Keken Tela ya tsaya. Tela bai ɗago kai ba ya ce, shi ma da bango yake, in an gama da jakin akwai yadi a nan yana jira. Kafinta ya ce tsohon banza ya jira layi. Wannan ce magana ta farko da ta ratsa shagon daga ƙofa zuwa ƙurya ba ɗan aike cikin shekara goma sha huɗu.

Bari-in-riƙe ya goge fuska da hularsa, ya taka zuwa bencin, ya kama bakin katakon. Zarto ya fara ja. Malama tana kallo daga inda take, ta ga hannun dattijon yana rawa, abin da bai taɓa yi ba, har layin ya kauce kusan rabin yatsa. Kafinta ya ɗaga katakon ya duba yankan, ya dubi hannun, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya jefar da shi gefe ya jawo wani.

"Katakon ne bai bushe ba," ya ce. "Riƙe wannan."